Katakon Bayan Motar Baba

Akwai abin da in shekaru suka ja sai mutum ya riƙa ba da labarinsa yana dariya. Wannan ba ya cikinsu. Abin da ya sami motar mahaifina a wani lokacin cirar albasa, a garinmu Malanville, ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina, kuma ko yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutane na cewa ina da zuciya, ban musa ba. Amma ku ji labarin tukuna, sannan ku nuna mini wanda za a yi wa haka ya tsaya yana murmushi.

Ni tela ne, kuma ni ne auta a ɗakinmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda a nan muke ce wa bashe. Da ita ya ci da mu. Ya ɗauko albasa daga Madécali, ya ɗauko masara daga Guéné, ya sauke a kasuwa, ya koma. Da ƙarfinsa ya ƙare ita ma ta tsaya, aka ɗora ta bisa duwatsu a bayan gida, ƙarƙashin dogon yaro, kaji suka mayar da kujerarta wurin ƙwai. Ranar rabon gado malamin da ya zo ya lissafa gida da gona da rumbun kasuwa, sannan ya tambaya, motar fa? Yayana, wanda shi ne babba, ɗan kasuwar albasa ne, ya kwashe da dariya ya ce, "Wagga gawa? A bar ma kaji abinsu." Na ce in ba mai so a ba ni. Ya ce, "Ɗauka Auta, har kajin na haɗa maka." Kowa ya yi dariya, aka shafa fatiha. Ba a rubuta komai ba, don wa zai ɓata takarda a kan tsatsa?

Ba ƙarfen nake so ba. Akwatin bayan motar na katakon maɗaci ne, Baba da kansa ya haɗa shi, kuma a jikin katakon da ke rufe baya akwai rubutun ajami da shuɗin fenti: Allah Ka kai mu, Ka maido mu. Baba ne ya rubuta da hannunsa, da wata safiya, ina ɗan shekara shida ko bakwai. Ni na riƙe masa gwangwanin madarar da ya zuba fentin, shi kuma ya tauna kan asawaki ya mai da shi alƙalami. Na tuna yadda ya fito da harshe kaɗan yana jan layi, na tuna ya ɗiga mini fenti a yatsan ƙafa ya ce in bari kada Inna ta gani. Ba kowa a wurin sai ni da shi, Yaya yana gona a lokacin. Shekarar da gulbi ya cika ya shigo mana gida kuwa, ruwa ya cinye akwatin takardun Baba gaba ɗaya, har da ɗan hotonsa guda na katin shaida. Saboda haka a duk faɗin duniya babu wani abu da ya rage wanda hannun mahaifina ya zana sai wannan katako. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina ganin abin nawa ne ni kaɗai, kuma ina jin nauyin a ce namiji da gemunsa yana ƙulafucin guntun itace.

Shekara biyu da wani abu na yi a kanta. Duk Litinin, in hayaniyar kasuwa ta lafa, sai in rufe shago in shige bayan gida. Ban san komai a kan inji ba, sai na samo wani tsohon makanike a Guéné, wanda ya san motar tun Baba na da rai. Ya riƙa zuwa bisa babur yana nuna mini, yana zagina in na ɗaure ƙusa a karkace. Muka sauke injin muka wanke shi gunduwa-gunduwa a cikin kwanon wanki. Tsatsar jikinta na kankare da hannuna har fatar yatsuna ta saɓule, na yi kwanaki ban iya zura zare a allura ba. Kujera ni na ɗinka ta, na yi mata surfani a gefe irin na wuyan babbar riga. Na sa aka haɗa mini fenti ruwan ƙasa-ƙasa daidai da launinta na asali, sau uku ina mayar da shi don bai yi ba, har mai fentin ya ce ko amarya ba a yi wa wannan tsirfa. Katakon baya kuwa ban bari kowa ya taɓa ba. Na kwance shi na kai ɗakina, na riƙa cire daɗɗalar ƙasa daga cikin harufan da tsinin allura, ɗaya bayan ɗaya, sannan na shafe shi da man katako mai ƙyalli. Shuɗin ya fito ras, kamar jiya aka rubuta.

Garinmu kuwa ba a san wannan ba. A Malanville mota ba abar kallo ba ce, jaka ce mai taya huɗu. Duk bashen da ya shigo hannun ɗan garinmu, kafin ma a sa mata mai, wurin mai walda ake kai ta. A cire akwatin baya, a kafa mata kejin ƙarfe mai tsawo ya wuce kan direba, a ƙara mata ƙarafan ƙasa masu ɗaukar nauyi, waɗanda muke ce wa lam, har bayanta ya ɗage sama kamar tunkiya na shan ruwa. Sai an yi haka ake cewa an gama gyaran mota. Don haka mutane suka ɗauka ban kammala ba ne, ko kuwa hannuna ne bai kai ba. Yaya kan leƙo da carbinsa ya ce, "Auta, yaushe amaryar taka za ta fara aiki?" Ni kuma don in rabu da shi sai in ce, "Saura kaɗan, Yaya." Kalma biyun nan su suka kashe ni. Ni ina nufin ka tafi ka ba ni wuri, shi kuma yana jin alkawari.

Ranar da injin ya tashi, unguwa ta cika. Inna ta fito da sandarta ta dafa ƙofar motar. Ni kuwa kaina ya kumbura, na zagaya da ita har bakin kasuwa na dawo, sannan na yi abin da kowane ɗan gidanmu ke yi ba tare da tunani ba. A bangon ɗakin Inna akwai wata doguwar ƙusa da Baba ya kafa. Duk makullin gidan a nan yake kwana: na rumbu, na babur, na injin ban-ruwa. Wanda ya sa makulli a aljihu ya kwana da shi, marowaci ne, haka aka tashe mu. Wanda yake da buƙata ya ɗauka, babba kuwa ba ya ma tambayar ƙarami. Na rataye makullin motar a wannan ƙusa ina ta washe baki. Ban lura ba cewa tun daga wannan sa'a ta tashi daga gawar Auta ta koma motar gida.

Abu ɗaya ya rage, gilashin jar fitilar baya na hagu. Na nema a Malanville da Gaya ban samu irin na asali ba. Wani Bakabe mai kawo mini yadi ya ce ya ga irinsa a Kamba, wurin masu tsofaffin kayan mota. Na ƙetare gada na tafi, da niyyar kwana ɗaya, sai mai kayan ya yi tafiya, na zauna jiransa har kwana huɗu. Wayata ba ta kamawa a can. Na samo gilashin, na naɗe shi a cikin hulata don kada ya fashe, na taho da kai ba hula ina jin daɗi kamar wanda ya dawo daga Makka.

Ina wuce duwan, wato kwastan na bakin gada, ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya waiwayo ya ce, "Tela, barka! Motarku ta fara aiki, jiya sahu uku ta yi Madécali." Na ce wace mota? Ya ce, "Taku mana. Ai Alhaji yayanka ya gyara ta ta yi kyau." Na ce ya kai ni layin 'yan albasa.

Daga nesa na hango ta, ban gane ta ba sai da na ga surfanin kujera. Inna lillahi! An datse mata baya. An kafa mata wani baƙin keji mai tsawon tsiya, walda duk ta ƙone fentin da na yi wata uku ina nema, an loda mata buhunan albasa har sun fi ƙarfin kejin an ɗaure da igiya. Ruwan ruɓaɓɓiyar albasa na bin gefenta. Wani ƙato na zaune bisa rufin wurin direba yana cin rake yana tofar da ɓawon a gilashin gaba. Na zagaya baya da gudu. Babu katako, sai wata ƙofar ƙarfe da sarƙa.

Yaya na zaune a kan benci yana shan shayi. Da ya gan ni sai ya miƙe da fara'a, wallahi da fara'a, ya buɗe hannu ya ce, "Auta, ka ga abin da na yi maka? Na ga aikin ya yi maka yawa, na ce bari in ƙarasa maka kafin ka komo. Lam huɗu na sa aka ƙara. Yanzu ta zama mota."

Idona ya rufe. Ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na ce, "Wa ya aike ka?" Na ce, "Da tana gawa kaji ka bar wa. Shekara biyu ina cin tsatsa, ko ƙusa ɗaya ka taɓa miƙo mini? Sai da ta yi numfashi ka san motar gida ce? Ina katakon baya?"

Ya dube ni kamar wanda ya ga mahaukaci. Ya ce, "Kai Auta, mi ya same ka? Ni kake ma tsawa cikin mutane saboda ruɓaɓɓen itace? Makulli na bisa ƙusa na ɗauka. Kai da bakinka ka ce saura kaɗan."

Dattawan layin suka taso, wannan na cewa haba Tela, yayanka ne fa, wancan na cewa ai alheri ya yi maka. Alheri! Kalmar nan ta fi komai ƙona mini rai. Da sata ya yi da na san inda zan kai ƙara. Na ce su riƙe alherinsu, a gaya mini inda katakona yake. Yaya ya juya baya ya ce in je in tambayi mai walda.

Mai walda na same shi a ƙarƙashin wata babbar mota, ko fitowa bai yi ba. Ya ce, "Katakai? Ai ba mu aje itace a nan, wuta muke aiki da ita. Mai gyaran jirage na bakin gulbi ya zo ya kwashe shekaranjiya. Tsohon maɗaci ne, ya bushe sarai, su abin nemansu ke nan." Na ce ba ka ga rubutu a jiki ba? Ya ce, "Wace mota ce ba ta da rubutu? In kana so gobe in kira mai zane ya rubuta maka wanda ya fi shi, har da hoton zaki." Na ɗaga ƙafa zan shuri gwangwanin ruwansa, na fasa, don ba ni da lokacin faɗa. Shekaranjiya, na riƙa faɗa a raina, shekaranjiya kawai, wataƙila bai kai kansa ba.

Ban tsaya neman babur ba, da ƙafa na gangara, rana na dukan tsakiyar kaina, hular na hannuna da gilashi a ciki. A bakin gulbi na tarar da dattijon, Badande ne, yana da wani jirgi a kife bisa yashi, tukunyar kwalta na tafasa a gefe. Na yi sallama da Dandanci na tambaye shi katakan mota. Ya yi murna, ya ce rabonsa da itace mai kyau irin wannan an daɗe. Ya nuna mini cikin jirgin, inda ya yi faci. Na gane dogayen katakan gefe. Na ce akwai wani gajere mai faɗi, mai rubutu da shuɗi. Ya ce, "A'a, wannan ai shi ya fi duka," ya ja ni zuwa goshin jirgin ya dafa shi da tafin hannu.

Shi ne. Na gane shi da ramukan ƙusoshi biyu na gefen dama. Amma fuskarsa fari fat, sabon itace, ko ɗigon shuɗi babu. Dattijon ya ce wani ya shafe shi da mai mai santsi, kwalta ba ta kama irin wannan, dole ya sassaƙe fuskar da gizago kafin ya kafa. Man da na shafa da hannuna don in kare rubutun, shi ya sa aka sassaƙe shi. Na tambaye shi yaushe. Ya ce, "Yau da hantsi."

Yau da hantsi ina tashar Kamba ina cinikin ƙosai.

Na duba ƙasa. A cikin yashi, kusa da ƙafarsa, ga sassaƙen itace a warwatse, wasu da shuɗi a gefe ɗaya. Wasu ya riga ya tura ƙarƙashin tukunyar kwalta. Na durƙusa na fara tsincewa. Na fitar da gilashin fitilar na ajiye a kan yashi, na riƙa zuba guntayen a cikin hula. Wani yana da rabin harafi, wani ɗigo kawai. Dattijon ya tsaya da gizago a hannu yana kallona, can ya ce a hankali, "Ɗana, na wani ne?" Na ce na babana ne. Sai ya ajiye gizagon ya durƙusa yana taya ni. Har ya sa hannu ya janyo biyu daga bakin wuta. A nan hawaye suka zo mini, kuma ba na baƙin ciki ba ne kawai, na takaici ne, irin wanda mutum ke ji kamar ya ciji kansa.

Bayan la'asar na shiga gida. Labari ya riga ni, an ce Auta ya zagi yayansa a kasuwa. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, Yaya na tsaye yana huci, yana jiran in ba shi haƙuri. Na juye hular a kan tabarmar Inna. Ta ɗauki guntu ɗaya ta kai kusa da idonta ta ce, "Mine ne wanga?" Na ce rubutun Baba ne, na bayan mota, shi ya rubuta da hannunsa, ni na riƙe masa fenti.

Yaya ya ce, "Ƙarya ne. Mai zane ya yi shi." Amma muryarsa ta riga ta sauka.

Inna ta ce, "Ba mai zane ba ne. Na tuna ranar. Yaron ga ya shigo da shuɗi a ƙafa yana ɓoyewa." Ta juyo gare ni, ta ce, "Kai kuma shekara biyu kana shiga kana fita, bakinka ciwo yake da ba ka faɗa ba? Uban naka kai kaɗai ya haifa?"

Yaya ya zauna a ƙasa, shi da ko a gidan biki sai an kawo masa kujera. Ya ɗauki wani guntu mai lanƙwasar harafi ya riƙe a tafin hannunsa yana kallo. Ya ce, "Shekara nawa ina loda buhu ina jingina da katakon ga." Ni kuma ban tausaya masa ba a ranar, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ji daɗi ma da abin ya soke shi.

Bai ba ni haƙuri ba, babba ba ya ba ƙarami haƙuri a gidanmu. Ni aka sa na je na durƙusa saboda abin da na yi a kasuwa, na yi don Inna, ina haɗiyar zuciya. Washegari ya aiko a tambaye ni ko a cire kejin a mayar da katako sabo. Na ce a mayar da me? A bar ta ta yi ta dakon albasa. Tana yi kuwa har yau, injin da muka wanke a kwanon wanki bai taɓa ba su kunya ba. Ni dai ban sake shiga cikinta ba, in na hango ta a hanyar Guéné sai in kau da kai. Gilashin fitilar da na je Kamba dominsa na manta shi a bakin gulbi, ban koma nema ba.

Har yanzu ina jin haushin Yaya, ina jin haushin garin da ba ya iya ganin abu mai kyau sai ya tambayi buhu nawa zai ɗauka. Amma da shekaru suka ja na gane wanda ya fi cancantar fushin nan shi ne mai ba ku labari. Abin da na koya ke nan: a gidan yawa, in abu yana da daraja a zuciyarka, buɗe baki ka faɗi dalilin tun abin yana nan, ko da za a yi maka dariya. In ka yi shiru, 'yan'uwanka za su auna shi da ma'aunin da suka sani, su lalata maka shi da kyakkyawar niyya. Jimla ɗaya ce da na faɗa wa Yaya a cikin shekara biyun nan, da shi da kansa zai hana ƙuda sauka a kan katakon.

Guntayen suna cikin wani gwangwanin maɓallai a shagona. Na sha zuba su a kan teburin yanka ina jerawa, ko za su haɗu su ba ni kalma ɗaya, ba su taɓa haɗuwa ba. Guda ɗaya babu a ciki, wanda Yaya ya ɗauka a ranar. Bai maido ba, ni kuma ban tambaye shi ba.